Tumaki Goma Sha Shida da Ƙafa Ɗaya

Montevideo, 5 ga Yuni, 2018

Prima Zulma,

Gaisuwa mai yawa daga prima ɗinki, wato 'yar uwarki, da ta ɓace. Na san da kin ga rubutuna za ki ce, ashe Leonor tana da rai. Ina nan da raina, sai tarin da sanyin birnin nan yake sa ni kowace shekara. Yaya gona, yaya dabbobi? Yaya jikin mijinki, Don Aparicio? Sai watan jiya na ji wai doki ya faɗi da shi ya danne masa ƙafa, har ƙashin ƙwaurin ya ruɓe aka cire faɗin tafin hannu. Na ji kunya da a bakin wasu na ji.

Ba ki taɓa tambayata aikin da nake yi ba, to ga shi yau ya zo ƙofar gidanki. Idan ƙashi ya karye, shi yake ɗinke kansa. Amma idan giɓin ya yi faɗi irin na mijinki, wannan bakin ba ya iya kamo wancan. Mu muna ƙera wani abu fari mai tauri, mai ramuka kamar saƙar zuma, daidai girman giɓin. Sai mu zuba masa ƙwayoyin da muka ɗebo daga ɓargo, mu dasa. Ƙera shi ba wuya, jini ne wuyar. Gefe-gefensa yana rayuwa, tsakiyar kuwa jini ba ya kaiwa, kafin wata guda ta mutu. Shekara tara ke nan ina fama da tsakiyar nan. Yanzu mun huda masa hanyoyi sirara kamar gashi, mun shafe cikinsu da irin ƙwayoyin da ke cikin jijiya, don jijiyoyin jiki su bi ta nan su shige har ciki.

Gwaji ɗaya ya rage mana: tumaki goma sha shida, wata shida. Idan ya yi kyau za a ba mu izinin yi wa mutum shida. Sai ga shi gonar da muke ajiye dabbobinmu an sayar da ita za a dasa bishiyoyin turare. Zulma, duk ƙasar nan ban san hannun da ya san tunkiya kamar naki ba. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, ba ni da wadda zan roƙa sai ke.

Ga wata takarda nan a ciki, shafi huɗu, surutun ofis ne kawai. Ki sa hannu inda na yi alama da jan biro, ki ba Don Wilmar, likitan dabbobinmu. Shi zai riƙa zuwa duk mako biyu yana karɓar takardun awo, sai wasiƙunmu su riƙa bin motarsa, tun da na ji wayarku har yanzu sai an hau tudu take kamawa.

Tun da na ji labarin nan, duk lokacin da na ɗauki ƙashin da muka ƙera, ƙafar Aparicio nake gani. Wata rana za ta zo hannuna, ina ji a jikina.

Taki,
Leonor

Piedra Sola, 19 ga Yuni

Likita 'yar birni,

Wasiƙarki ta iso. Muna nan ƙalau, in ban da wanda kika sani. Shekara goma sha ɗaya rabonki da gidan nan, tun ranar da aka binne kakarki, sai da maganar tunkiya ta tashi kika tuna hanya. Ba komai, na yafe. Tarin kuwa, ki sha zuma da lemon tsami, ki daina yawo kai ba hula kamar yarinya.

Kin tambayi jikin Aparicio. Wata goma ke nan ƙafar tana cikin kejin ƙarfe, ƙarfe takwas sun huda ta sun riƙe. Kullum da safe ni nake wanke bakin kowane ɗaya, yana zagin ƙarfen, ina zaginsa. Mutumin da ba ya sauka daga doki sai zai ci abinci, yanzu yana gefen murhu da ƙoƙon shayin mate a hannu, yana yi wa karnuka faɗa a kan laifin da ba su yi ba. Dokin ma ya hana a sayar. Wai ba laifin doki ba ne, laifin ramin ne.

Na karanta masa wasiƙarki. Bayanin saƙar zumarki bai dame shi ba, ya ce dama ke tun kina ƙarama ba ki iya ganin ƙashi a saura ba ki ɗauka kin cusa a aljihu ba. Amma da na zo wurin da kika ce ƙafarsa za ta zo hannunki, sai ya ajiye ƙoƙon ya ce in maimaita. Na maimaita. Washegari ya sa na kawo masa madubi ya yi aski, abin da rabonsa da yi tun Kirsimeti.

Takardar na sa hannu. Ban karanta ba, tabarauna ya karye, kuma ke kika aiko. Na share rumfar aski na raba ta da katako, kowace tunkiya da ɗakinta. Kawo su.

Yayarki,
Zulma

Piedra Sola, 3 ga Satumba

Leonor,

Ina gaishe ki, ina fatan tarin ya sake ki. Nan sanyi ya fara ja baya, namu tumakin suna ta haihuwa, ban san zama ba. Aparicio yana gaishe ki, yana cin abinci sosai.

Baƙinki sun cika wata biyu. Ranar da Don Wilmar ya sauke su, kowace da ƙafar baya a naɗe da lamba a kunne, kwana uku suka ƙi cin komai. Ku da kuka yi karatu ba wanda ya gaya muku tunkiya ba ta cin abinci idan ba ta ganin 'yar uwarta? Na cire katako ɗaya-ɗaya daga tsakani, suka ga juna, suka ci. Ina auna zafinsu safe da yamma ina rubutawa yadda kika ce. Mai lamba tara na sa mata Eduviges, sunan kakarki, don taurin kansu ɗaya, kuma ita ma sai ta ture kowa take isa kwano.

Don Wilmar ya ce takwas ne aka sa musu ƙashi mai hanyoyin jini, takwas kuma irin na da, wai ba wanda ya san wacce ce wacce, amsar tana cikin ambulan a rufe a ofishinku. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ku riƙe ambulan ɗinku. Ni idan na kama ƙwaurin na riƙe, ina jin wanda yake da ɗumi tun daga ciki da wanda ɗumin fata ne kawai. Biyu, uku, shida, tara, goma, sha ɗaya, sha huɗu da sha biyar. Ki rubuta ki ajiye.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Likita Techera, wanda yake duba Aparicio a Tacuarembó, ya samo mana wuri a Montevideo ranar 16 ga Oktoba. Za a cire siririn ƙashin ɗaya ƙafar tare da jijiyarsa, a dasa a giɓin, a ɗinke jijiya da jijiya. Ya ce a cikin manyan jijiyoyi uku na ƙafar mai ciwon, biyu suna da rai, kuma yanzu ciwon ya kwanta, amma ba ya yi mana alkawarin zai daɗe a kwance. Idan za a yi, zan bi shi birni wata biyu ko uku. Tumakinki sai dai in bar wa maƙwabci, shi kuwa ko nasa ba ya ƙirgawa.

Aparicio ba ya so a taɓa masa lafiyayyar ƙafa. Ya ce ga 'yar uwa tana ƙera sabo, don me za a ɓalle tsoho. Saboda haka ina tambayarki kai tsaye, ki amsa mini kai tsaye: a cikin mutum shidan nan, akwai Aparicio?

Zulma

Montevideo, 14 ga Satumba

Prima,

Na gode da gaisuwa, tarin ya yi sauƙi. Ki gaida Don Aparicio. Dabarar katakon nan ta burge kowa a nan, mun rubuta ta don gaba.

Amma don Allah kada ki sake rubuto mini lambobin nan. Da na gane inda kika dosa, na rufe layin da hannu na shafe shi da baƙin biro. Ba raini ba ne, ƙa'idar aikinmu ce. Mai kiwo bai kamata ya sani ba, mai ƙirga ma bai kamata ya sani ba. Idan kin san wacce ce mai sabon ƙashin, hannunki zai fi tausaya mata ba da saninki ba, ki ƙara mata dusa, ki fi daɗewa a ɗakinta. A ƙarshe sai a rasa ko ƙashin ne ya yi aiki ko ke ce. Ki riƙe su duka daidai, ki bar abin da hannunki ya ji a hannunki.

Maganar Oktoba. Ni ba likitarsa ba ce, ba zan shiga gaban Likita Techera ba. Sai dai aikin da yake faɗa babba ne. A yanka lafiyayyar ƙafa don a gyara marar lafiya, kuma ba a jikin kowa yake kamawa ba. Da mijina ne, da na yi tunani sau biyu. Zuwa Maris za mu san inda muka tsaya.

Ina sauri, Don Wilmar yana jirana a ƙofa.

Leonor

Piedra Sola, 10 ga Disamba

Leonor,

Gaisuwa. Muna lafiya, zafi ya shigo, mun gama askin namu tumakin a fili tun da naki sun mamaye rumfa. Masu askin sun yi ta tsokanata, wai na buɗe asibiti ban gayyace su ba.

Don Wilmar ya zo sau shida tun wasiƙarki, kullum hannunsa takardun awo kawai yake nema. Ina ba shi tawa, ba ya ba ni taki. Ya ce aiki ya yi miki yawa. To.

Na riga na rubuta miki, amma bari in sake, ko waccan ta faɗa bayan kujerar mota. Mun bar wurin Oktoba, an ba wani. Na karanta wa Aparicio inda kika ce da mijinki ne, ya ce shi ke nan, Leonor ba za ta faɗi haka a banza ba, ita ba ta iya cewa "na yi alkawari" a takarda ne kawai saboda ofis. Ni ma haka na fahimta. Likita Techera bai ji daɗi ba. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Doña Zulma, kin ga sunansa a rubuce a wani wuri?" Na ce masa mu a gidanmu ba ma neman rubutu a wurin jininmu.

Baƙinki suna taka ƙafa yanzu. Ba zan faɗi lamba ba, kin hana. Amma akwai wata mai sunan tsohuwa da ta tsallake katako jiya ta shiga lambuna ta cinye mini kabewa. Aparicio yana kallo daga baranda, ya yi dariyar da rabon da in ji irinta tun kafin dokin. Kullum da yamma sai ya ja sandunansa ya je rumfar ya zauna yana kallon ƙafafunsu.

Ki rubuto ko layi biyu ne.

Zulma

Piedra Sola, 28 ga Janairu, 2019

Leonor,

Ina gaishe ki. Ni lafiyata ƙalau. Aparicio ba lafiya.

An kwashe tumakin ranar Talata. Na san inda za su, ba sai an ɓoye mini ba. Don Wilmar ya ce za a zuba rini a jijiyoyinsu, a yanka ƙashin sirara-sirara a ƙirga jijiyoyin a madubin ƙara girma. Ni da nake yanka rago duk mako ba zan yi wa tunkiya kuka ba. Duk da haka da Eduviges ta ƙi hawa mota, ni na shige gaba da kwano ta biyo ni, kuma har yanzu ban manta ba. Goma sha shida kika kawo, goma sha shida na mayar, ba wadda ta rame.

Bakin ƙarfe na uku daga sama ya fara ruwa tun sabuwar shekara. Da farko fari ne, yanzu ya koma rawaya, yana wari. Zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Yatsun ƙafar idan na kama sanyi nake ji, kin kuwa san hannuna. Likita Techera ya sa shi a kan allura.

Aparicio ya ce in tambaye ki ko zai fara shirya kaya, ko a wane asibiti za a kwantar da mutum shidan. Na ce masa zan tambaya. Ga shi na tambaya.

Zulma

Montevideo, 18 ga Maris

Prima Zulma,

Ki yafe mini shirun nan. Ina fatan jikin Don Aparicio ya yi sauƙi, allurar ta kama.

An buɗe ambulan ranar Juma'a. Zulma, jini ya shiga. A cikin takwas masu hanyoyin jini, a bakwai jijiyoyi sun ratsa har tsakiya, ja wur a madubi, sabon ƙashi ya bi su ya cike giɓin. Ɗaya takwas ɗin kuwa tsakiyarsu fara fat, matacciya, yadda na saba gani shekara tara. Na zauna a ƙasa a ɗakin gwaji na yi kuka a gaban ɗalibaina. Daga baya na ɗauko wasiƙarki ta Satumba na ɗaga ta a hasken taga, na karanta lambobin ta ƙarƙashin baƙin biron. Takwas cikin takwas. Ko ɗaya ba ki kuskure ba.

An ba mu izinin mutum shida. Za a aika sanarwa ga likitocin ƙashi na duk ƙasar cikin makon nan. Ba don ke ba da ba a zo nan ba, na faɗa wa kowa haka.

Akwai maganar da nake so mu yi baki da baki. Zan zo bayan bikin Ista, in Allah ya yarda.

Taki,
Leonor

Tacuarembó, 9 ga Afrilu

Leonor,

Tarbiyya ta sa zan gaishe ki, to na gaishe ki. Ina rubutu ne a bencin asibiti. Aparicio yana kwance kwana goma sha biyu ke nan.

Ba sai kin zo ba. Maganar da kike so mu yi baki da baki, Likita Techera ya riga ya yi mini ita. Da na kai masa wasiƙarki ina murna kamar wawuya, na ce ya rubuta sunan mijina ya aika, sai ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko sanarwarku. Ya sa yatsa a ƙa'ida ta bakwai ya karanta mini a hankali. Duk wanda ya yi aiki a gwajin nan, ko da na dabbobi ne, da shi da mutanen gidansa ba za a ɗauke su ba.

Na ce masa ni ba ma'aikaciyarku ba ce, ni 'yar uwa ce. Ya tambaye ni ko na taɓa sa hannu a wata takarda.

Na hau motar yamma na koma gida, na buɗe gwangwanin biskit, na ɗauko kwafin da Don Wilmar ya bar mini. Na yi sabon tabarau yanzu. Shafi na uku: Zulma Pereira das Neves, mai kula da dabbobin gwaji. Ƙasa kaɗan, ga ƙa'idar nan kalma da kalma. Sama kaɗan da inda kika yi mini alama da jan biro. A ƙarshen shafi na huɗu ga sa hannunki, ga kwanan wata, 20 ga Afrilu, 2018. Mako shida kafin ki rubuto mini cewa ƙafar Aparicio kike gani.

Ashe ranar da na buɗe wa tumakinki rumfa, ranar na rufe wa mijina ƙofa da hannuna. Kin sani. Kina riƙe da biro kina sani.

Wannan ma da zan iya haɗiyewa. Abin da ya kasa wuce mini shi ne Satumba. Na tambaye ki da kalma biyar, akwai Aparicio ko babu shi. Da kin ce babu, da ranar 16 ga Oktoba muna Montevideo. Sai kika ce da mijinki ne. Ba ki da miji, Leonor, kina da tumaki goma sha shida, kuma a wasiƙar nan na gaya miki idan aka yi aikin zan bar su wata uku a hannun maƙwabci. Na yi ta juya wannan a kaina a cikin mota, ina neman wata fassarar. Ban samu ba.

Kin koya mini cewa mai kiwo bai kamata ya sani ba, don kada hannunsa ya canza. Na ɗauka ambulan ɗaya ne. Ashe biyu ne, ɗaya na tumaki, ɗaya nawa.

An ɗauki hoton jijiyoyin ƙafar jiya. Likita ya ce aikin Oktoba ba zai yiwu yanzu ba, ba jijiyar da za a ɗinka wa. Ban gaya wa Aparicio maganar takardar ba tukuna. Jakar da ya shirya tun Janairu tana ƙarƙashin gadonsa.

Zulma

Montevideo, 15 ga Afrilu

Zulma,

Ban san yadda zan gaishe ki ba. Yaya jikinsa?

Eh, na sani. Ba zan yi miki ƙarya ba. Ba ni na ƙirƙiro ƙa'idar ba, kowane gwaji yana da ita, don kada wani ya sayi wuri da hidima, kuma don kada mai awo ya gyara lamba saboda nasa yana jira. Na ɗauka zan shawo kan kwamitin da ke ba da izini. Na ce a raina idan suka ga takardun awon, suka ga wadda ta yi kiwon, za su ɗaga ƙafa. Na shiga gabansu a Nuwamba, na sake shiga a Fabrairu, duka biyun suka ƙi. Shirun da na yi miki ke nan. Kullum ina cewa bari in samu labari mai daɗi tukuna.

A Yuni, ƙasusuwan da muka shuka kwana ashirin suka rage musu kafin su lalace, kuma ba ni da gona. Da na gaya miki, da ba ki karɓa ba, kuma da kin yi daidai.

Maganar Satumba, abin da na rubuta game da aikin nan gaskiya ne, ba a jikin kowa yake kamawa ba. Ban taɓa rubuta miki "ku jira" ba. Ban taɓa rubuta "alkawari" ba. Na sake karanta kwafin wasiƙata sau da yawa don in tabbata. Amma na san yadda za ki karanta ta, kuma na aika.

Mutum shida za su tashi da ƙafafunsu, Zulma, bayansu ɗaruruwa. Akwai wata yarinya daga Rivera, shekararta goma sha tara, babur ya buge ta. Ban faɗa don ki yafe mini ba. Ki bar ni in zo, in nemo masa mafi kyawun likita, ko me kika ce zan yi.

Leonor

Tacuarembó, 7 ga Mayu

Likita Leonor,

Muna gaishe ki. Kin tambayi jikinsa. Zazzaɓin ya sauka, ya ci abinci jiya, yau har ya nemi mate. An yanke ƙafar ranar Litinin, sama da gwiwa kaɗan.

Na gaya masa komai kwana biyu kafin a shiga da shi. Na karanta masa shafi na uku, na karanta masa wasiƙarki ta ƙarshe har inda kika ce ba ki taɓa rubuta alkawari ba. Na ɗauka zai yi zagi, kin san bakinsa. Bai yi ba. Ya juya ya kalli bango, ya tambaye ni ko yarinyar nan ta Rivera tana cikin shidan. Na ce haka na fahimta. Ya ce to Allah ya sa ya kama mata. Sai ya ce in cire jakar nan daga ƙarƙashin gado, tana tare wa masu shara hanya.

Ni ban kai shi haƙuri ba. Ina jin haushinki irin wanda ban taɓa ji wa wani mai rai ba, kuma ina jin haushin kaina da na sa hannu don ke kika aiko. Abin da kika roƙa a Yuni, da kin roƙa da gaskiya, ban san me zan ce ba. Watakila in ƙi. Watakila in ce bari a yi masa aikin tukuna, in samo miki wata gonar da kaina, na san kowa a yankin nan. Ba ki ba ni damar in zaɓa ba. Kin raba mini ɗaki da katako, kin zuba mini abin da zai sa in ci gaba da ci.

Kada ki zo. Dokin mun ba maƙwabci. Rumfar na cire katakon na ƙone.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na rubuto. Kafin aikin, Likita Techera ya kawo takarda, ya ce doka ce a tambayi mai ƙafa abin da za a yi da ita: a ƙone, ko a ba mu mu binne, ko a bayar don bincike. Wannan karon na karanta duka, har ƙananan rubutun ƙasa. Na ce mu binne a gona kusa da iyayensa. Aparicio ya karɓi biro ya ce, "A'a. Ku aika wa Leonor. Ai ta ce za ta zo hannunta."

Na tambayi likita ko ƙa'ida ta bakwai ba ta hana ba. Ya ce ba ta hana ba, ita a kan masu neman magani take magana.

Saboda haka Don Wilmar zai kawo miki ita ranar Alhamis a cikin akwatin ƙanƙara, tare da wannan wasiƙar. Babu suna a jiki, lamba ce kawai, yadda kuke so. Ki zuba mata rininki, ki yanka sirara-sirara, ki sa a madubi. A Satumba jijiyoyi biyu ne masu rai, yana rubuce a takardar da ke saman akwatin. Ki ƙirga da kanki ki ga abin da wata bakwai ya bari, kada ki ba ɗalibi.

Idan kin gama, kada ki rubuto mini amsar. Mai kiwo bai kamata ta sani ba.

Zulma Pereira das Neves,
mai kula da dabbobin gwaji